Kun raina motar kara, kun saya wa yaro bindiga: magana ga iyaye kafin Salla



Yau da iyaye nake, kuma maganar ba ta lallashi ba ce. Salla na matsowa, masu tebur sun fara baza kayan wasan yara a bakin kasuwanni da gefen titi. Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram a irin wannan lokaci ya san abin da ya fi yawa bisa teburan nan: bindigogin roba, ƙanana da manya, wasu masu ƙara, wasu masu wuta, wasu masu harba ƴan ƙwayoyi. Uban da ya yi wata yana kukan tsadar masara, shi ne zai zaro jikka ya saya wa ɗansa. Shi ne kuma, in ya dawo gida ya tarar da yaron a zaure da kara da gwangwani yana haɗa mota, zai daka masa tsawa: "Tashi ka kwashe mini sharar nan!"

To ni ga abin da nake cewa. Wanda ke haɗa motar nan shi ne ke karatu, kai kuma ka kore shi daga aji. Mun mayar da yaron da ke ƙera abin wasansa da hannunsa mai tara shara, mun mayar da wanda aka miƙa wa roba ɗan gata. Lissafin nan a juye yake, kuma ba gidanka kaɗai zai biya bashinsa ba.

Bari mu tsaya mu dubi motar karan nan da ake rainawa. Bayan an yanke dawa, yaro zai shiga cikin kara ya zaɓo wanda ya miƙe, ya bushe, bai ruɓe ba. Zai ɓare ɓawon a hankali, don ɓawon nan shi ne ƙusarsa, totuwar ciki kuma ita ce katakonsa. Zai yanka gida-gida, dogo da dogo, gajere da gajere, ya soke ya haɗa. Taya kuwa daga tsohon silifas zai yanko ta, ko murfin kwalba, ko sakaina ya goga a dutse har ta zagaye. In taya ɗaya ta fi ƴar uwarta girma, motar za ta karkace, babu wanda zai gaya masa, ita da kanta za ta nuna masa. In ramin tayar ya matse ba za ta juya ba, in ya yi faɗi za ta fice. Sai ya kwance ya sake. Wanda ya ƙware ya koma gwangwanin madara da na sardin, ya buɗe su ya daddale, ya yi wa motar ƙofa mai buɗewa da wurin zuba kaya. Na gaba da shi ya koma motar waya, mai dogon sitiyari, yana tafe a tsaye yana murzawa, tayoyin gaba suna bin hannunsa.

Don Allah a gaya mini, mi ke cikin wannan in ba awo da lissafi da lura ba? Yaron da ya ga motar albasa ta taso daga Galmi, ya ƙare mata kallo, ya ƙirga tayoyinta, ya dawo gida ya fitar da siffarta da kara har da shingen da ake ɗaure buhuna, wannan yaron ya yi abin da ɗalibai da yawa ba su iya yi da alli da allo. Ya ga abu, ya riƙe shi a ka, ya rage girmansa, ya fito da shi a hannu.

Haka ƴan mata. Ƴar tsanar kara ko ta ƙashi, wadda ake yi wa kitso da zare, a je wurin tela a roƙo ƙyalle a ɗinka mata zani da kallabi, nan yarinya ke fara riƙe allura. Ƴan tukwanen yumɓu da ake ginawa a shanya a rana, in an yi gaggawa su tsage, nan take fara sanin halin laka. Ƙaramin faifan da take kwaikwayon na kakarta, nan hannu ke faɗawa. Tamaular tsumma, dokin kara, shanun laka masu tozo da ƙaho, garen da ake korawa da sanda, ƴar gurmin gwangwani mai tsirkiya ɗaya: babu ɗaya cikinsu da aka sayo, kuma babu ɗaya da bai bar wani abu a hannun mai shi ba.

Yanzu mu juyo kan bindigar roba. Mi yaro ke yi da ita? Ya danna. Shi ke nan aikinsa. Wani ne can ƙasar Sin ya yi tunanin, wani ya zana, wani ya zuba robar, naka ɗan kuwa danna kawai aka bar masa. Kafin naman Salla ya ƙare ta karye, kuma irin karyewar da ba ta gyaruwa, don ba a yi ta don a gyara ba. Motar kara in ta karye, yaro ya san inda ya soke, ya san inda zai sake. Ta roba in ta karye, abin da ya rage masa shi ne kuka, har a sayo wata. Ka ga darussa biyu ke nan. Ɗaya na cewa abin da ya ɓaci ana gyara shi. Ɗayan na cewa abin da ya ɓaci a jefar, a jira mai kuɗi ya kawo sabo. Wanne muke so ɗiyanmu su tashi da shi?

Kuma ba asarar kuɗi ce kaɗai ba. Bindigar da ke harba ƴan ƙwayoyin roba tana iya tsiyayar da ido. Yara ba sa auna ƙafa, fuska suke aunawa, don haka suka gani a fim. Ido kuwa ba taya ba ne balle a canza. Sannan ga ƙananan baturan nan masu kama da maɓallin riga, da ake sa wa kayan wasa masu wuta da kiɗa. In abin ya fashe suka zubo, ƙaramin yaro mai rarrafe baki zai kai. Irin wannan batir in ya maƙale a maƙogwaro yana ƙona nama cikin ƴan awowi. Wanda hakan ta faru a gidansa, kar ya tsaya jiƙe-jiƙe, a ruga likita nan take.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Mutanen Gidan Rumji da Madarumfa da ƙauyukan bakin iyaka sun san abin da bindiga ke nufi. Tun 2019 jihar Maraɗi ke karɓar ƴan uwanmu da suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ɓarayin daji. Akwai gidajen da aka kore musu shanu, akwai waɗanda aka sace musu mutum, aka sayar da gona aka fanso shi. A cikin irin wannan hali ne za mu cika unguwa da yara ranar Salla, kowa da bindiga a kafaɗa, sun rufe fuska da ƙyalle, suna tare ƴan uwansu a lungu suna cewa a kawo kuɗin fansa, mu kuma muna zaune bisa tabarma muna dariya? Ban ce bindigar roba ce ke mayar da yaro ɗan fashi ba. Yara sun daɗe suna wasan yaƙi, da can ma da baka da kibiyar kara ake yi. Amma uban da ya zaɓi wannan da kuɗinsa, cikin duk abin da ke kasuwa, ya miƙa wa ɗansa a matsayin barka da Salla, ya kamata ya tambayi kansa yadda yaron maƙwabcinsa ɗan gudun hijira ke ji in an auna shi da ita.

Na san amsoshin da za a ba ni, don an saba ba da su. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko za a ce ƙazanta ce, yaro zai yanke, zai kwaso cuta a juji. Wannan magana akwai gaskiya a cikinta. Bakin gwangwani yana yanka, tsatsa na iya kai yaro likita, kuma a juji akwai abin da bai kamata hannun yaro ya taɓa ba: robar maganin ƙwari ta gona, tsohon batir, allurar da aka yi amfani da ita, fasasshiyar kwalba. To amma mi ke kai yaro juji? Rashin samun kayan a gida. Uwa, gwangwanin madarar da kika juye, wanke shi ki ajiye masa. Uba, ɗauki guduma ka danne bakin da ke yanka, minti biyu ne. A tabbatar yaro ya samu rigakafinsa. A hana ƙarami reza, a bar wa yayansa yankan. Muna tura yaro ɗan shekara takwas gona da hauya, muna aiken yarinya ta hura wuta ta ɗora sanwa, ba mu ce haɗari ba, sai wurin motar gwangwani muka tuna da rauni?

Na biyu za a ce ƴar tsana mutum-mutumi ce, addini ya hana. Wannan a koma wurin malamai, amma a koma da abin da ya tabbata. Ya zo cikin ingantattun hadisai cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da ƴan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya kuma zo cewa matan sahabbai suna yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har rana ta faɗi. Ku lura, yi suke da hannunsu. Abin mamaki, wanda ke tsawata wa yarinya kan ƴar tsanar kara marar ido marar hanci, shi ne zai sayo mata ta roba mai jan baki da gashin turawa, ya ce wannan ta zamani ce.

Na uku za a ce zamani ya wuce nan, yanzu lokacin salula da kwamfuta ne. To madalla. Salular wa ke gyara ta in ta lalace? Wanda hannunsa ya saba da kwancewa da ɗaurawa. Ku je layin masu gyaran waya a kowace kasuwa ku ga irin natsuwar hannu da aikin ke so. Kuma bari in gaya muku wani abu: har gobe manyan kamfanonin mota na duniya, da duk kwamfutocinsu, sai sun sassaƙa siffar sabuwar mota da wata irin laka, sun zagaya ta sun dube ta, kafin a kai ga ƙarfe. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, nan ƙetaren Ƙonni, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. Aikinsa shi ne ya ga mota a kansa kafin kowa ya gan ta a titi. Yaron da ke zaune a zaurenka da kara, irin wannan tunanin yake wasa da shi. Wanda ka miƙa wa salula tun safe don ya yi shiru, kallo kawai yake. Mai kallo daban, mai yi daban.

Na huɗu ba a faɗinsa a fili, amma shi ne gaskiyar maganar: kunya. Kar a ce ɗan wane yana jan gwangwani kamar ɗan matsiyaci. Kar maƙwabciya ta ga ɗanta da mota mai rimot, naki da ta kara. Wannan ciwon namu ne, ba na yaran ba. Ku lura da kyau in yara sun taru. Wanda ya iya haɗa motar waya mai sitiyari shi ne sarkin unguwa, bayansa ake bi, shi ake roƙo ya koya, har mai motar rimot ɗin yakan ajiye tasa ya tsuguna yana kallo. Mu manya ne muka shiga tsakani muka gaya musu cewa abin da aka saya ya fi abin da aka yi. Hausawa kuwa tuni suka yanke hukunci: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mu ɗaga kai daga zaure mu dubi ƙasa. Wa ke riƙe da mu? Je kasuwar Katako a Yamai ka ga yadda ake narka tsofaffin gwangwanaye da tarkacen alminiyam a zuba tukunya, a yanka ganga a fitar da murhu da akwati da bokiti. Je Wadata, ko gidan tarihi na Bubu Hama, ka ga dukawa da maƙera da masaƙa suna aiki a gaban idonka. Fatar Damagaram, tukwanen Mirriya da na Bubon, tabarmin Madawa, aikin azurfar Agadas, duka hannu ne. Matan da ke kai kayansu baje kolin SAFEM ba daga sama hannunsu ya faɗo ba. Amalanken da ke kai taki gona, injin niƙan da aka yi wa dabara ya shekara ashirin yana aiki, babur ɗin kabu-kabun da bakanike ke tayarwa bayan kowa ya ce ya mutu, wa ke yin su? Tambayi masu walda da kanikawan garinku da mi suka fara, ka ji amsar da bakinsu.

Ba mu manta 2023 ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta ɗauke, kaya suka tsaya a hanya. A watannin nan wa ya fi amfani a unguwa, wanda ya iya saye ko wanda ya iya gyara? Kowa ya ga amsar a gidansa. Tun daga nan bakinmu bai huta ba da zancen dogaro da kai da cin abin da muka noma da amfani da abin da muka ƙera. Magana mai kyau. Amma dogaro da kai ba a taron gangami ake koyonsa ba, kuma ba a fara shi da shekara ashirin da biyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba zai yiwu mu kashe hannun yaro yana ɗan shekara bakwai ba, sannan in ya girma mu tsaya muna tambaya don mi komai namu sai an shigo da shi, har tsinken sakace.

Lakwal ma tana da nata laifin. A tsarin karatun firamare an san da lokacin aikin hannu, wanda malamai ke kira APP. A makarantu da yawa mi ya koma? Sharar fili da ɗebo ruwa, ko kuma a cinye lokacin da wani darasi don jarrabawa ta matso. Za a ce babu kayan aiki. Wane kayan aiki? Kara ne babu a Tasawa, ko laka ce babu a Mirriya, ko kaba ce ta ƙare a Madawa? Malamin da ke son yara su gane da'ira, ya sa su yanka taya huɗu masu girma ɗaya, ya ga in ba su gane ba. Wanda ke koyar da awo, ya sa su auna kara santimita goma-goma su haɗa gida. Darasin da aka taɓa da hannu ba ya gudu bayan jarrabawa.

Masu sayar da kayan roba kuma, ban ce a hana ku neman abinci ba. Kasuwa kuke bi, abin da ake nema kuke kawowa. Amma a cikin kayan naku akwai ƙwallo, akwai abin haɗe-haɗe, akwai fensirin kala. Bindigar da ke harba ƙwaya dai ku ji tsoron Allah ku bar sarinta. Ribar da za ka ci a kanta ba ta kai idon ɗan wani ba, kuma kai ma kana da ɗiya a gida.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ke buƙatar tallafin wata ƙungiya daga waje.

Iyaye, Sallar bana a bar bindiga a tebur. Kuɗin da za a kashe a kanta, a saya wa yaro ƙaramar filaya da waya, ko almakashi da zare da allura, ko ƙwallo. A ware masa wani lungu a gida da wani tsohon kwali inda zai tara kayansa, a daina sharewa ana zubarwa in ya tafi makaranta. In ya kawo maka abin da ya haɗa, ajiye salularka ka karɓa ka juya shi, ka tambaye shi yadda ya yi tayar ta juya. Wannan tambayar ta fi masa jikka.

Kakanni da yayye, ku da kuka iya, ku koya. Akwai tsofaffi a kowace unguwa da hannunsu bai manta dokin kara da saƙar faifai ba, suna zaune babu mai tambayarsu. In suka tafi da abin, ba a intanet za mu same shi ba.

Malaman lakwal da na allo, ku mayar wa aikin hannu lokacinsa, ko sau ɗaya ne a mako. Ku gayyato maƙerin unguwa ko mai ginin tukwane ya zauna da yara awa guda.

Masu unguwanni da magadan gari da ƙungiyoyin matasa, kuna shirya gasar ƙwallo da ta kokowa lokacin hutu. Mi zai hana a ƙara gasar motar kara da ta waya da ɗinkin ƴar tsana? Fili ɗaya, tabarma biyu, alƙalai uku daga cikin masu walda da teloli. Wanda ya ci a ba shi kayan aiki, a kuma haɗa shi da mai sana'ar da zai riƙa leƙawa wurinsa. Gidajen rediyonmu su kira sunayen yaran, a ji su kamar yadda ake jin na ƴan kokowa.

Wanda ke ganin na yi tsanani, ga wurin sharhi nan a ƙasa, ya kawo hujjarsa mu ji. Wanda kuma ɗansa ko ƙanensa ya haɗa wani abu da hannunsa, ya ɗauki hoton abin ya turo, a ga aikin yaran Tawa, a ga na Dogon Dutsi, a ga na Magarya. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a hannuwansu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.